Allon Bakancen Gwaggo Splendora

Na daɗe ina son rubuta littafi a kan Ervin Tauber, Bayahuden nan mai zane da gwamnatin Italiya ta tsare a garinmu lokacin yaƙi, kuma har yau ban tabbata ina da hurumin yin haka ba. Ina goye aka tafi da ni Kanada, can na yi karatu, na dawo Collarso da gemu da harshen da tsofaffi ke yi wa dariya. Yaƙin ban gan shi ba, mutumin ban san muryarsa ba. Abin da ya bari kawai 'yan allunan nan ne da ke rataye a cocin kan tsauni, kuma duk sanda na sa masa magana a baki, tawa muryar nake ji. Wani lokaci har nakan zargi kaina cewa na kamu da sonsa ne don ba ya nan balle ya ƙaryata ni. Da na gaji, sai na ajiye shi, na rubuta wadda ta san shi.

Splendora ita ce mai tanderun gari. Mijinta ya tafi haƙar gawayi a ƙasar waje tana da ciki, ramin ya rufta da shi, aka aiko mata da agogonsa. Tun daga nan ta riƙe tanderu. Kowane gida yakan kawo ƙullinsa da tambarin gidan a kai, ta gasa, a gutsura mata rabonta. Da wannan gutsuren ta raini ɗanta tilo, Panfilo, har ya isa a sa masa kakin soja a tura shi Rasha. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, gashin girarta duk wuta ta cinye, ba ta da yawan dariya amma bakinta ba ya barin bashi.

A Collarso in masifa ta taso, mutum yakan yi wa Uwa Maryamu ta kan tsauni bakance: in ta fitar da shi, zai sa a zana abin da ya faru a kan allo, a rubuta suna da kwanan wata a ƙasa, a rataya a bangonta kafin bikinta na kaka ya wuce. Allon kakan Splendora yana nan, alfadari na gangarawa rami da shi. Kuma kowa a garin yana iya kawo maka sunan wanda ya yi jinkiri bikin ya wuce, Uwa ta karɓe abin da ta bayar.

Shekara ta biyu da fara yaƙi aka sauke Tauber a dandali, da akwati ɗaya da takalmin birni. Daga Vienna ya gudo, aka kama shi a hanya, aka ce ya zauna nan kada ya wuce gada, kullum ya je ya sa hannu a gaban magatakardan gari, Don Attilio. Lokacin tsohon mai zanen alluna ya rasu, bakance ya taru a wuyan mutane. Mata suka yi ta jayayya a bakin tanderu ko ya halatta a kai wa Bayahude.

"Bayahude ya zana Uwa Maryamu?" in ji Liberata, maƙwabciyar Splendora. "Ai sai bango ya tsage."

"To ita Maryamun 'yar wane gari ce?" in ji Splendora tana jan burodi daga wuta. "'Yar'uwarsa ce. Ya fi ki sanin hancinta."

Haka ya zama mai zanen allunan gari, ana kiransa Mastro Ervino, wato gwani Ervino. Ana biyan sa da wake, da cuku, da ƙwai. Abu ɗaya ne ya bambanta allunansa da na dā: yana sa wa komai inuwa. Mutum, jaki, tulu, har gajimaren da Uwa ke tsaye a kai. Wata tsohuwa ta taɓa mayar masa da allo tana faɗa, wai me ya zubar a ƙarƙashin jakinta, ita jakinta ba ya irin wannan abin kunya a gaban Uwa. Daga baya aka saba. Ko yaro ya shiga cocin yana iya nuna maka allunan Mastro daga bakin ƙofa.

Da Jamusawa suka shigo kwarin a ƙarshen bazara, gari ya tashi da magana ɗaya a baki: Mastro ya tsallaka tsauni ya yi kudu. Ba wanda ya tara mutane ya ce a faɗi haka. Amma yayan Splendora, Cesidio makiyayi, yana da bukkar dutse a bayan kurmi, kuma tun daga makon nan tanderu ya riƙa fitar da burodi ɗaya marar tambari, wanda ba mai tambayar na wane gida ne.

A cikin kwanakin nan Panfilo ya dawo. Daga wani asibitin soja na arewa ya taho, rabi a keken shanu, rabi a kan sanda, sanyin Rasha ya cinye masa yatsun ƙafar hagu. Splendora ta gan shi a bakin gada, ta zauna a ƙasa da garin burodi a hannunta, ta kasa tashi. Tun ranar da labarinsa ya yanke ta yi bakance, ga shi Uwa ta cika nata.

Sai dai ƙafar ta ƙi rufewa. Bakin ciwon ya yi duhu, ɗakin ya ɗauki wari, zazzaɓi ya riƙa zuwa da yamma yana kwana. Likita ya bi iyalinsa wani gari tun zuwan Jamusawa. Ta wanke da ruwan inabi, ta ɗaura ganye, ta ɗaura zuma, duhun nan yana ta hawa a hankali.

Liberata ta leƙo ta dubi ƙafar, ta ja ta waje.

"Ƙawata, saura Lahadi biyu biki. Ina allonki?"

"Wa zai zana? Mastro ya yi kudu."

"Ni za ki gaya wa kudu? Ni da nake ƙirga burodinki?" Liberata ta rage murya. "Ba na ce ki yi komai ba. Na dai ce ki dubi ƙafar nan da kyau."

Katako ya yi wuya, Jamusawa sun kwashe har ƙofofin rumbu. Splendora ta ɗauko murfin akwatin kwaɓinta, wanda uwarta ta ba ta ranar aure, ta sa zarto ta raba shi biyu. Ta jingine rabi a bayan murhu, ta cusa rabi cikin igiyar itace, ta hau tsauni da hantsi kamar mai zuwa yin ice.

Ta same shi zaune a bakin bukka cikin bargon tumaki, ya rame, yana tari. Da ya ga katakon sai ya yi murmushi.

"Uwargida Splendora, kin kawo mini ƙofa? Gidan fa, yana tafe?"

"Uwargida a fadar wa? Ci burodinka, Mastro, magana na zo da ita."

Ta faɗa masa. Ya saurara har ta gama, yana shafa katakon da tafin hannu.

"Kin san abin da allon nan zai ce in an rataya shi? Zai ce ina nan."

"Zan ce a kasuwar Juma'a na sa wani ya zana."

"Tun yaushe aka tare hanyar kasuwar?"

"Zan ce kafin a tare."

"To mu rubuta tsohon kwanan wata."

"A'a." Ta girgiza kai. "Mutane zan yi wa ƙarya. Ba a yi wa Uwa ƙarya a bangonta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi bai yarda allo yana warkar da ƙafa ba, ta ce ba a tambaye shi ya yarda ba, hannunsa ake so. Ya juya yana kallon kurmi. Burodinta ne a cinyarsa, ita ma ta san haka, kuma ba ta ɗauke idonta daga kai ba.

"To ji," in ji shi. "Zan zana shi kamar na dā, ba inuwa, mutane kamar itace, yadda ko Don Attilio zai rantse makaho ne ya yi. Amma ki kawo mini ƙwai. Ko ɗaya ya isa. In na dama launi da gwaiduwa, kafin yamma ya bushe, in goga masa toka ya tsufa. In babu ƙwai sai da mai, kuma fentin mai a sanyin nan zai yi wata bai bushe ba. Duk wanda ya taɓa zai san jiya aka yi."

Ƙwai kuwa ya fi zinariya wuya a Collarso, don kaji su Jamusawa suka fara kamawa. Splendora ta bi gari gida-gida. Wata ta ce mata in ta samu ta kira ta su kalla tare. Wata ta ce ta je ta tambayi Jamusawa, su ne zakarun garin yanzu. A ƙarshe ta je wurin Incoronata, mai yi wa Fada, limamin coci, girki, wadda aka daɗe ana raɗe-raɗin ta ɓoye kaza a hasumiyar ƙararrawa.

"Kaza? A ɗakin Allah? Ke Splendora, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Shi ya sa nake mamakin ƙararrawar da ke kyarkyara da safe."

Incoronata ta zage ta, ta zagi tanderunta, sannan ta hau bene ta sauko da ƙwai ɗaya mai ɗumi a cikin ƙirjinta.

Splendora ta biya gida don ta ɗauki mayafi. Panfilo yana kwance, kwana da kwanaki ba abin da ya zauna masa a ciki, leɓɓansa sun tsattsage. Ya buɗe ido ya ga abin da ke hannunta.

"Inna, ƙwai ne?"

"Kwanta."

"A can, cikin ƙanƙara, shi nake mafarki. Wanda kike kaɗa mini da ɗan ruwan inabi in na yi rashin lafiya."

Ta tsaya a tsakar ɗaki da ƙwan a hannu. Wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu tun dawowarsa. Ta ɗauko ƙoƙo.

Washegari ta hau tsauni ta ce wa Mastro babu ƙwai a garin, ta bi ko'ina. Ya dube ta ɗan lokaci, ita kuwa tana kallon takalminsa na birni da ya buɗe baki.

"To," in ji shi. "Da mai ke nan."

Ranar jajiberin biki ta je ta karɓa. Ya cika alkawari: soja kamar sanda a bakin gada, mace a durƙushe, Uwa a sama cikin shuɗin mayafi, duk a shimfiɗe ba zurfi, kamar aikin tsohon da ya rasu. A ƙasa ga sunan Panfilo, ga kwanan wata na gaskiya. Ta sa shi a kwandon burodi, ta gicciya tsinke a kai don kada zane ya taɓa.

"Ki rataya shi sama," in ji Mastro, "inda hannu ba ya kai. Ki kuma gaishe mini da 'yar'uwata, ki ce mata mun yi aikin kyauta."

Ranar biki gari duka ya hau. Sojojin Jamus biyu sun tsaya a bakin ƙofa suna kallo, hafsansu kuwa, wanda aka sauke a gidan Don Attilio, ya shiga ciki ya cire hula kamar mutumin kirki. Splendora ta nemi tsani ta rasa, an kwashe shi tare da ƙofofin rumbu. Ƙusa ɗaya ce babu komai a kanta, daidai kafaɗar mutum. Ta tsaya da allon a hannu. Fada ya fara addu'a. Ta rataya.

Bayan an idar mutane suka bi bango suna kallon sababbin alluna kamar yadda aka saba, sai dai a bana nata ne kaɗai sabo. Kowa ya zo gabansa sai ya yi sauri ya wuce. Don Attilio ne ya tsaya. Mutum ne mai tsafta, mai farin hankici a aljihun gaba, wanda shekara biyu yana kallon hannun Mastro kullum safe yana sa hannu a teburinsa.

"Barka da arziki, Splendora. Yaya ƙafar yaron?"

"Da sauƙi, Don Attilio."

"Wa ya yi miki?"

"Wani ne a kasuwar Juma'a. Tun kafin a tare hanya."

"Tun kafin a tare hanya," ya maimaita. Ya matso da fuskarsa. "Mutumin kasuwan nan yana da hannu. Dubi nan."

Ta duba. A ƙarƙashin sandar da sojan ke dogarawa, inda ta taɓa ƙasa, akwai ɗan duhu siriri, bai kai ƙwayar alkama ba. Duk allon babu inuwa sai nan. Ko hannun ne ya yi abin da ya saba, ko ya kasa barin gurgu ya dogara a kan iska, ba ta taɓa sani ba.

Don Attilio ya ɗaga babban yatsa ya dangwala gefen mayafin Uwa. Ya dubi yatsan. Ya zaro hankicinsa ya goge a hankali, ya ninke, ya mayar aljihun gaba. Ɗan shuɗin ya leƙo ta bakin aljihun. Ya juya ya bi hafsan, suka gangara tare, don a teburi ɗaya suke cin abincin rana.

Ba ta koma gida ba, ta zarce bukka. Mastro ya ji labari bai katse ta ba. Cesidio ya dubi ƙoƙuwar tsauni, ƙanƙara ta riga ta rufe mashigar, ya dubi takalmin Mastro, ya ce kafin a tsallaka da shi kudu sai an samo masa na kirki da wanda ya san hanyar hunturu, a ba shi kwana kaɗan.

"Sandar ce, ko?" in ji Mastro. "Na gan ta bayan kin tafi, a cikin kaina. Malamina yakan ce hannuna ya fi ni taurin kai." Ya ja bargo. "Je ki wurin ɗanki, Uwargida."

Kwanakin da suka biyo baya garin ya yi tsit. Mata suna kawo ƙulli su ajiye ba hira. Don Attilio yana wucewa ta gaban tanderu kowace safiya ya ɗaga mata hula, da sabon hankici fari tas. Ta riƙa kallon hanyar kurmi tana ƙona burodin mutane, ba wadda ta yi mata faɗa. A daren Talata zazzaɓin Panfilo ya sauka. Da safe ta kwance ƙafar ta ga duhun ya tsaya, gefen ciwon ya yi ja mai kyau. Tana durƙushe tana godiya ta ji haushin karnuka suna hawa ta bayan gari.

Da azahar Jamusawa suka sauko da Mastro ta dandali. An fasa wa Cesidio baki, an ɗaure su da igiya ɗaya. Mastro yana tafe a takalminsa na birni, ƙafa ɗaya a waje. Ya wuce ta gaban tanderu bai dube ta ba, bai dubi kowa ba, don kada a ce ya san wani. Cesidio ya dawo bayan hunturu daga haƙar ramukan da Jamusawa suka tilasta masa, ba haƙora. Mastro an sa shi a mota zuwa arewa. Iyakar abin da Collarso ta sani ke nan, ni ma duk tafiye-tafiyena da tambayoyina ban ƙara komai a kai ba.

Ko Don Attilio ya yi magana, ko hankicin ne ya yi a bakin teburi, ko wani ne dabam cikin duk waɗanda suka wuce allon da sauri, ba a sani ba. Don Attilio ya mutu da girmansa bayan yaƙi, Splendora ce ta gasa burodin makokinsa. Panfilo ya warke, ya koyi gyaran takalma, ya haifi 'ya'ya biyar. Allon yana nan a ƙusarsa daidai kafaɗa, da zanen yatsa a gefen mayafin. A gabansa na fara tsayawa da na dawo, shi ya hana ni barci shekaru.

Lokacin da na san ta ta bar tanderu, gari ya koma sayen burodin kanti. Tana zaune a gidanta na ƙarshen layi da kaji fiye da na kowa, suna shiga har ɗaki. Ba ta sayar da ƙwan, 'yan jikokinta ke kwasa, amma kullum akwai ɗaya a ƙoƙo a kan taga, in ya kwana biyu ta canza shi. Labarin nan a zama da yawa ta ba ni shi, tana ɓarar wake, ba kuka, ba neman a ce mata ba laifinta ba ne. In na yi tambayar da ba ta so sai ta ce, "Ɗan Kanada, a can ba a koya muku yin shiru ba?"

Ranar da zan koma birni na je sallama. Ina zaune kusa da murhu idona ya faɗa kan wani katako a jingine a bayansa, gefe ɗaya da shaidar zarto, fuskarsa tana sheƙi don shafa mai da ake yi masa.

Na ce, "Gwaggo, wannan rabin murfin fa, me kike jira da shi?"

Ba ta ɗago daga waken ba.

"Nasa ne. Ranar da suka wuce da shi na yi masa bakance. In ya dawo shi zai zana da hannunsa, ya sa inuwa yadda ya ga dama. Yanzu ai akwai ƙwai."